Tsofaffin jiragen ruwa da tarihin bakin tekunmu: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka kwashi yaran makarantun Zango zuwa Jamestown ta Accra ko Elmina, a bakin tekun Ghana, ganin wuraren tarihi, tambayoyin da ake dawowa da su kusan iri ɗaya ne. Wasu daga bakin yaran suke fitowa, wasu daga iyayen da suka biya kuɗin mota, wasu kuma daga malaman da suka yi rakiya. Ga su nan an tattara, kowace da amsarta. Mai sauri ya tsallaka zuwa wadda ta dame shi.

Me ake nufi da jirgin tarihi? Ai tsofaffin jirage sun cika bakin ruwa a Tema.

Waɗancan na Tema yasassu ne, tsatsa na cinsu, ana jiran mai yanka ya zo da wutar gas. Jirgin tarihi shi ne wanda aka zauna aka ce wannan kam ba za a bari ya salwanta ba. Sai a ja shi gefe, a tsayar da ruɓewarsa, a rubuta labarinsa, a buɗe ƙofa jama'a su shiga su gani. Wani yana kan ruwa har gobe, irin su Constitution na sojan ruwan Amurka da ke Boston, wanda aka jefa a ruwa a 1797. Wani an tsare shi a busasshen gurbi, irin su Victory a Portsmouth ta Ingila, jirgin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar na 1805, wanda yake zaune a gurbinsa tun 1922. Wani kuma daga ƙarƙashin teku aka tsamo shi aka gina masa gida. Akwai kuma na kwaikwayo, sabon jirgi da aka ƙera da fasalin tsohon. Shi ma yana koyarwa, amma a riƙa gaya wa yara gaskiya cewa ba na asali ba ne.

Malam, mu da kakanninmu fatake ne masu jakai, me ya haɗa mu da teku?

Wannan ce ta fi kowace yawan zuwa, ita ce kuma ta fi buƙatar a gyara zama.

Gaskiya ne hanyar Gwanja ta ƙasa ce. Ayari ya taso daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya sauka Salaga, ya sayi goron Asante ya juya. To amma bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa ta. Fataken ba su bar goro ba, hanya suka sauya. Suka gangaro bakin teku, suka riƙa loda huhunan goro a jiragen ruwa masu hayaƙi daga Accra da Cape Coast da Sekondi zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin dogo kuma ya kai Kano a 1911, sai tafiyar da take cin watanni a bayan jaki ta koma ta 'yan makonni. Duk wanda ya taɓa harkar goro ya san abin da hakan ke nufi, domin goro ba ya son daɗewa a hanya: kullum ana kwancewa, ana tsince mai ƙwari, ana sake ganye. Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a nan Accra, yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan hanya ta ruwa tun da wuri, kafin ya tare a Kano ya shiga cinikin gyaɗa.

Sai batun soja. A 1873 Kyaftin Glover ya kwaso sojojin Hausawa daga Legas a jirgin ruwa domin yaƙin Asante, da yawansu kuma a nan suka yi aure suka yi zuriya. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma jirgin ruwa ne ya kai su Indiya, daga can suka shiga dazukan Bama, Hausa kuwa ita ce harshen bariki a lokacin. Gidaje nawa ne a Nima da Sabon Zango suke da hoton wani tsoho cikin kakin soja a rataye, ba wanda ya taɓa tambayar ta yaya ya isa Bama?

Akwai kuma Tabom na Jamestown, zuriyar tsofaffin bayin da jirgi ya sauke a Accra a 1836 daga Bahiya ta Birazil, yankin da bayi Hausawa suka yi ta shirya bore tun 1807, kuma inda bayi Musulmi suka yi babban tawaye a 1835. A cikin waɗanda suka dawo ɗin akwai Musulmi. Gidansu, Brazil House, yana nan ana shiga. Idan aka ƙara da 'yan dako da ma'aikatan jirgi daga Zango da suka yi ƙuruciyarsu a Takoradi da Tema, za a ga ba baƙi ba ne mu a wannan labari.

To a nan Ghana akwai babban jirgin tarihi da zan kai yarana su shiga?

Hajiya, babban jirgin teku da aka mayar gidan tarihi irin na Turai, ba mu da shi. Kuma ba don ba mu taɓa mallakar jirage ba.

A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, Black Star Line, da haɗin gwiwar kamfanin Zim na Isra'ila. Sunan daga kamfanin da Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar baƙar fata, ya kafa a Amurka a 1919 aka ɗauko shi. Jirgin farko Volta River ne, sauran ma sunayen koguna da tafkunanmu aka riƙa ba su: Tano River, Densu River, Pra River, Lake Bosomtwe, Korle Lagoon. Suna kai koko da katako Turai da Amurka ƙarƙashin tutar Ghana, da matuƙan da aka horar a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Nungua, wadda aka buɗe a 1958, yau ta zama jami'a. Bashi da tsufan jirage da rashin kyakkyawan riƙo suka kayar da kamfanin, aka sayar da jiragen ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen shekarun 1990 an rufe shi. Ba a ware ko ɗaya an ce wannan na tarihi ne ba.

Haka Aureol na kamfanin Elder Dempster, farin jirgin fasinja da aka gama a 1951, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Liverpool da Saliyo da Ghana da Legas. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan siyasa na zamanin neman 'yanci da yawa a cikinsa suka je Ingila suka dawo. An janye shi a 1974, ya koma masaukin ma'aikata a Jidda, a 2001 aka yanka shi a Alang ta Indiya. Da akwai jirgi ɗaya da ƙasashen Afirka ta Yamma ya kamata su haɗa kuɗi su saya, to shi ne.

Abin da ya rage mana a gani shi ne bakin tekun kansa: hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, Ussher Fort da mutanen Holan suka gina a 1649, James Fort na Ingilishi na 1673, kasul ɗin Osu (wato sansanin Turawa mai ganuwa), da na Elmina da mutanen Fotugal suka gina a 1482. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine, ban da hasumiyar, cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Tsofaffin igwogi na nan a kan ganuwa suna kallon ruwa.

Kafin a gina tashar Tema, yaya jirage suke sauke kaya a Accra?

Ba sa matsowa. Accra ba ta da wurin da babban jirgi zai raɓa, don haka nesa yake tsayawa ya jefa anka, manyan kwalekwale su je su same shi. Majiya ƙarfi ne suke tuƙa su da filafilan hannu, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya, su ratsa igiyar ruwa da buhunan koko, su dawo da siminti da atamfa da gishiri, har da motoci. Fasinja kuwa a cikin wani akwatin katako mai kujera ake zuro shi daga saman jirgi da ƙugiya. Huhunan goron da muka ambata ta haka suka bi. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema a 1962, daga nan sana'ar ta mutu a Accra. Irin wannan kwalekwalen ne ya kamata a ce yaro yana shafawa da hannunsa a Jamestown, ba a tsohon hoto kawai yake gani ba.

Da gaske ne jirgin Nkrumah yana Maleshiya?

Da gaske ne, kodayake shi Nkrumah bai taɓa shiga cikinsa ba. Gwamnatinsa ta ba kamfanin Yarrow na Sikotlan aikin ƙera jirgin yaƙi da zai zama jagoran jiragen sojan ruwan Ghana, ya kuma riƙa ɗaukar shugaban ƙasa. Black Star za a sa masa. Juyin mulkin Fabrairun 1966 ya zo ana cikin aiki, sabuwar gwamnati ta ce ba ta so. Jirgin ya yi shekaru a ɗaure, sojan ruwan Ingila suka karɓe shi a 1972 da sunan Mermaid, a 1977 suka sayar wa Maleshiya, aka sa masa Hang Tuah. Ya yi musu aiki har 2018, sannan suka mayar da shi jirgin tarihi. Wato jirgin da aka ƙera dominmu an adana shi, amma labarin wasu yake bayarwa.

Waɗanne ne suka fi shahara a duniya?

Suna da yawa, amma uku sun isa.

Vasa na Suwidin ya fi kowane ban mamaki. Sarki Gustav Adolf ya sa aka ƙera shi da hawa biyu na igwogi, igwa 64 ta tagulla, sama ta yi nauyi, ƙasa ba ta da isasshen abin da zai danne ta. Kafin tashi an gwada shi: mutum 30 suka riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, sau uku kacal aka tsayar da su don jirgin na neman kifewa. Sarki yana fagen yaƙi yana aiko da saƙon a hanzarta, ba wanda ya iya buɗe baki. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi daga Stockholm, ya yi tafiyar kimanin mita 1,300, iska ta buga shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban jama'ar da suka fito kallo. Wajen mutum 30 suka rasu. An yi bincike, ba a hukunta kowa ba. Shekara 333 ya yi a ƙasa kafin a tsamo shi a 1961, kusan dukkan katakonsa na asali ne, gidan da aka gina masa kuma an buɗe shi a 1990.

Mary Rose na Sarki Henry na Takwas na Ingila ya nutse a 1545 ana fafatawa da Faransa, an ɗago shi a 1982. Rabin jikinsa ne kawai ya tsira, amma an samu kaya wajen 19,000 tare da shi: takalma, matajin kai, bakuna, kwanonin abinci, kayan aikin wanzamin jirgi, har ƙasusuwan karen jirgin. A ganina waɗannan ƙananan kayan sun fi katakon riƙe hankalin yaro, domin su ne suke nuna masa cewa mutane ne irinsa suka kwana a ciki.

Cutty Sark kuwa mai filafilai ne, an ƙera shi a 1869 don tseren kawo ganyen shayi daga Sin. A shekarar aka buɗe mashigin Suwez, jirage masu hayaƙi suka ƙwace cinikin, ya koma jigilar ulu daga Ostareliya. Yana Greenwich a Landan tun 1954. Gobara ta kama shi a 2007 ana cikin gyara, aka sake buɗe shi a 2012 bayan an kashe wajen fam miliyan 50.

Duk na Turawa ne ke nan? Afirka fa?

A'a. Biyu daga cikin mafiya tsufa a duniya a Afirka suke.

A 1954 aka buɗe wani rufaffen rami a gindin babbar dalar Giza a Masar, aka tarar da jirgin Fir'auna Khufu a wargaje, gutsure 1,224, an jera su tsaf. Itacen al'ul ne na Labanan, tsawonsa ya haura mita 43, shekarunsa kusan 4,500. Da igiya aka ɗinke katakonsa. Wani gwanin gyara Bamisre, Ahmed Youssef, ya shafe shekaru yana haɗa shi. A 2021 aka ɗauke shi zuwa sabon babban gidan tarihin Masar.

Na biyun ya fi kusa da gida. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994: kwalekwale ne da aka fafe daga gungume ɗaya na dangin maɗaci, tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, ya girmi jirgin Khufu da shekaru fiye da dubu uku. Yana Damaturu. Wanda ya ga siririn bakinsa da laushin sassaƙarsa ya san ba ranar aka fara sana'ar ba.

Yaya katako yake yin ɗaruruwan shekaru a ruwa bai ruɓe ba, amma da an fito da shi sai ya lalace?

Abin da ke cin katako iska yake buƙata. Idan laka ta binne jirgi ta toshe iska, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa iya aiki sosai. Shi ya sa gefen Mary Rose da ya nutse cikin laka ya tsira, wanda ke waje ya tafi. Akwai kuma wata tsutsar teku mai huda katako. Ruwan tekun Baltik, inda Stockholm take, ba shi da gishirin da take so, wannan ne ya ceci Vasa. Namu ruwan kuwa mai ɗumi ne mai gishiri, gidanta ne, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ke ta jujjuya yashi. Jirgin katako da ya nutse a gaɓarmu, abin da ke saura yawanci igwa ce da anka da kayan tagulla.

A cikin ruwan ma katakon yana rasa ƙarfinsa a hankali, ruwa ne yake cike gurbin ya riƙe masa siffa. Idan aka bar shi ya bushe haka nan, sai ya motse ya karkace kamar ɗanyar kuɓewa da aka shanya. Maganin shi ne a maye ruwan da wani sinadari mai kama da kaki, wanda ake kira PEG. Vasa shekara 17 ana fesa masa shi, daga 1962 zuwa 1979. Mary Rose sai 2013 aka kashe bututan feshi. Duk da haka ba a huta ba: a Vasa an gano tsatsar ƙusoshi da sinadarin farar wuta da katakon ya sha suna haifar da asid a cikinsa, sai da aka sauya dubban ƙusoshi da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana riƙe da laimar ɗakin a wajen kashi 53 cikin ɗari dare da rana. Jirgin ƙarfe ya fi haka son bushewa: Great Britain da ke Bristol, na 1843, a kashi 20 ake riƙe iskar da ke kewaye da gindinsa. Laimar Accra kuwa takan kai kashi 80, ga iskar gishiri, ga gara, ga ɗaukewar wuta.

Jiragen da suka kwashi bayi daga nan, akwai wanda ya rage?

Babu jirgin bayi na zamanin da yake tsaye cikakke a yau. Tarkace ake da su.

Wanda ya fi shafar Accra shi ne Fredensborg na Denmak da Norwe. Ya iso kasul ɗin Osu a 1767, ya tashi a Afrilun 1768 da mutum 265 a ɗaure zuwa tsibirin St. Croix. Bayan ya sayar da waɗanda suka kai da rai, a hanyar komawa gida ya farfashe kusa da Arendal ta Norwe ranar 1 ga Disamba 1768. Masu nutso suka gano shi a 1974, suka fito da hauren giwa da itacen rini. Littattafan da kyaftin da ma'aikatansa suka riƙa rubutawa kullum sun tsira, shi ya sa aka san tafiyarsa dalla-dalla fiye da ta yawancin jiragen bayi. Kayan suna Norwe, mutanen kuwa ta ƙofar Osu aka fitar da su.

Whydah, jirgin bayi da 'yan fashin teku suka ƙwace, ya nutse a gaɓar Amurka a 1717, an gano shi a 1984, a cikinsa har da kayan adon zinariya na Akan. São José na Fotugal ya farfashe a Cape Town a 1794 ɗauke da mutanen Mozambik, fiye da 200 suka halaka. Clotilda, na ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, a 1860 daga Ouidah ta Benin, an tabbatar da gano shi a 2019 a kogin Mobile. A nan gida, a 2003 masu bincike suka gano wani jirgin ciniki na Turawa a ƙarƙashin ruwa kusa da Elmina, da igwoginsa da mundayen tagulla da tasoshi a jere da duwatsun ado, irin kayan da ake kawowa a saya zinariya da mutane.

Idan masunci ya jawo tsohuwar anka ko igwa a koma, ko ɗan kondem mai sayen tsohon ƙarfe ya saye ta, me ya kamata?

Kada a yanka, kada a kankare, kada a shanya. Ƙarfen da ya daɗe a teku ya sha gishiri, da ya bushe sai ya fara tsagewa yana zubewa. A bar shi cikin ruwa, a ɗauki hoto, a riƙe wurin da aka same shi, a gaya wa sarkin masunta, a kai magana ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, GMMB, wadda ke gidan tarihi na Barnes Road. Dokar 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Ghana da Najeriya suka amince da ita, ta ɗauki duk abin da ya shekara 100 a ƙarƙashin ruwa a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa, ta kuma fi son a bar shi inda yake idan ba dole. Ga 'yan'uwanmu masu harkar tsohon ƙarfe: kuɗin kilo na rana ɗaya ne, igwar kuma ba ta dawowa daga tukunyar narkarwa.

Baba Liman ya ce jiragen nan cike suke da gumaka. Ya halatta a kai yara?

Fatawa ta malamai ce, a tambaye su. Abin da za a iya faɗa shi ne yadda abin yake. Vasa na ɗauke da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe, zakuna da sarakunan Rum da sauransu, an yi su ne don nuna isar sarki da tsorata abokan gaba, kuma ba wanda yake bauta musu a gidan tarihi. Jirage da yawa ba su da ko ɗaya. Batun barin jirgi ya zama abin lura kuwa, ai a Suratul Ƙamar, aya ta 15, bayan labarin Annabi Nuhu (AS) aka ce an bar ta ta zama aya, ko akwai mai tunani, wasu masu tafsiri kuma sun ce jirgin kansa ake nufi. Ƙasashen Musulmi ma suna adanawa. A Kuwait akwai Fateh Al-Khair, jirgin katako na fatauci na 1938, a Istanbul kuma akwai jiragen sarakunan Usmaniyya a gidan tarihin sojan ruwa.

Ƙasar da asibiti ke neman gado, ina ita ina kashe kuɗi kan tsohon jirgi?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya, idan irin Cutty Sark ake nufi. Babban jirgi ba ya daina cin kuɗi, fenti da walda da wutar lantarki har abada, kuma wanda aka ɗauko aka kasa riƙewa gara a ce ba a taɓa shi ba. Ni ban goyi bayan a je a sayo wani tsohon jirgin ƙarfe a kafa a Tema don a ce mu ma muna da shi ba.

Abin da ya fi ƙarfinmu daban, abin da muke sakaci da shi daban. Kwalekwalen masuntan Fante da na Ga, wanda ake fafewa daga gungume guda na itacen da ake kira wawa a daji, a ɗauko a mota zuwa bakin teku, a ƙara masa katako a gefe, a zane shi da tutoci da karin magana, ba ya buƙatar komai sai rumfa mai kyau da dandamali da maganin gara. Manyan itatuwan wawa suna ƙarewa, ana ta maganar komawa kwalekwalen roba, masassaƙan suna tsufa. Yau dubbai ne a Elmina da Jamestown da Chorkor, shi ya sa ba mai ganin darajarsu. Haka jiragen Black Star Line suke a idon mutanen 1970. A zaɓi kaɗan yanzu, da kayan sassaƙarsu da sunan wanda ya sassaƙa da tarihin wanda ya tuƙa, kuɗin bai kai na motar babban ma'aikaci ɗaya ba.

Mu a Kumasi ba mu da teku. Wannan magana ta shafe mu?

Itacen wawan da ake sassaƙa kwalekwalen daga dazukan ɓangarenku yake fitowa, goron ma haka. Sarkin Asante Nana Prempeh na Ɗaya da Turawan Ingila suka kama a 1896, jirgin ruwa ne ya kai shi Saliyo, sannan tsibiran Seshel a 1900, ya dawo da shi a 1924. Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asante a yaƙi da Turawan, can Seshel ta rasu a 1921. Kuma tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 daga gari, yana da abin hawan da ya cancanci adanawa: padua, falankin katako da masunci ke hawa yana tuƙawa da hannu, saboda al'adar wurin ba ta yarda da kwalekwalen da aka saba ba. Ta arewa kuma akwai kogin Volta, wanda kwalekwalen gishiri ke hawowa daga Ada zuwa Kete Krachi, garin Alhaji Umaru malamin nan ɗan Kano da ya rasu a 1934. Tsohon garin ruwa ya shanye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965.

Kakanmu ya yi aikin jirgi, takardunsa na cikin akwati. Me za mu yi da su?

Ku fito da su yau, ku duba ko gara ta shiga. Littafin aikinsa da ake buga wa hatimi duk tafiya yana ɗauke da sunan kowane jirgi da kwanan wata, ya fi duk abin da za ku samu a intanet. Kada a manna masa salatif, kada a kai a rufe shi da roba mai zafi, kada a ƙulle shi a leda. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a hasken rana, a ajiye na asalin a ambulan ɗin takarda, nesa da ƙasa da bango mai laima. Sunayen mutanen da ke cikin hoto a rubuta su a baya da fensir. Idan Baba yana raye, wannan ya fi komai: a zauna da shi bayan la'asar, a kunna rikoda, a tambaye shi me suke ci, wa ke jan salla a jirgi, yaya suke gane alƙibla, wane gari ya fi ba shi tsoro. In ya rasu, a tambayi Hajiya, ita ta san watannin da ake jira da abin da yake dawowa da shi. Mai son ƙarin bincike ya je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, PRAAD, a Accra.

Wace rana ta fi dacewa a kai yara Jamestown?

Talata masunta ba sa fita teku, don haka kwalekwale suna bakin ruwa, ana ɗinkin koma, masu su kuma suna da lokacin hira. Mai son ganin saukar kifi ya zaɓi wata ranar, ya yi sammako. Wurin ya sauya sosai tun da aka buɗe sabuwar tashar masunta a 2024, saboda haka wani malami ya fara zuwa shi kaɗai ya ga hanya. A gaida manya kafin a ɗaga waya, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a taɓa kwalekwalensa, a kuma gama ciniki da ɗan rakiya tun kafin a fara zagayawa. Kada a bar yaro ya sa ƙafa a ruwa ko da ya ce ya iya iyo, igiyar wurin tana ja ta ƙasa. A tafi da ruwan sha da huluna. Azahar kuma masallatan Zongo Lane da Cow Lane ba su da nisa.